Gitar Brian May: kunnuwa uku da akwati ɗaya

A 1963 ne Brian May, wanda daga baya ya zama makaɗin ƙungiyar Queen ta Ingila, ya fara sassaƙa gitarsa tare da mahaifinsa Harold. Daga katakon da ya kewaye wani tsohon murhu suka fitar da wuyanta. Ita ce Red Special.

Abin lura shi ne yadda ya canza kunnuwanta, wato maganaɗisun da aka naɗe da wayar tagulla, masu mayar da girgizar tsirkiya lantarki. Na farkon shi ya naɗa su da hannunsa, amma ba su gamsar da shi ba. Sai ya sayi uku ƙirar Burns Tri-Sonic, ya ɗura musu gam don hana su ƙugi, kowanne da makunninsa. Ginshiƙin sautinsa akwati ɗaya ne mai ƙara kaifi, haɗe da amfilifaya Vox AC30.

A "Bohemian Rhapsody" ta 1975 gitar tana rerawa tamkar maƙogwaron mutum. Aibin May shi ne yakan jera muryoyin gitar bisa juna har zaƙin ya gundura. Amma ko a nan ba a kasa gane hannunsa.

Matasan makaɗan Nijar da ke tara akwatunan takawa ya kamata su yi tunani. Mdou Moctar, ɗan jihar Tahoua, da katako da wayoyin keke ya haɗa gitarsa ta farko. Makaɗin da bai san muryar da yake nema ba, akwati goma ba za su ba shi ita ba.