Jaws: Kifin Da Aka Ɓoye Ya Fi Ban Tsoro

Masu iya magana kan ce abin da ido bai gani ba, shi zuciya ta fi tsoro. Fim ɗin Jaws na Amurka ya tabbatar mana da haka. Steven Spielberg ne ya shirya shi a 1975, daga littafin Peter Benchley na 1974. Labari ne na wani ƙaton kifin teku mai cin mutum, wato shak, da ya addabi wani garin bakin teku, har maza uku suka shiga jirgin ruwa farautarsa.

Da fim ya fito, masu sharhi suka rabu. Roger Ebert da Pauline Kael sun yaba masa ƙwarai. Charles Champlin na jaridar Los Angeles Times ya ce zubar jinin ya yi wa yara yawa. Vincent Canby na New York Times kuwa ya ce mai kallo ba ya tausayin waɗanda kifin ke cinyewa. Mu a ganinmu, Champlin ya ƙirga jini ne, ya manta da abin da aka ɓoye.

Kifin inji da aka ƙera don fim ɗin ya yi ta lalacewa a ruwan gishiri, dole Spielberg ya rage nuna shi. Sai ya bar kiɗan John Williams da gangunan rawaya masu yawo a kan ruwa su gaya mana kifin ya iso. Nan tsoron yake. Shi ya sa biyu daga kyaututtukan Oscar uku da fim ɗin ya ci a 1976 na kiɗa ne da na tace hoto. An kuma zubar da soyayyar ɓoye da ke cikin littafin, labari ya miƙe.

A 1987 aka fito da Jaws: The Revenge, aka baje kifin a fili, masu sharhi suka yi masa ca.

To, 'yan'uwa marubuta, mu nawa ne ke bayyana mugun labarinmu tun shafi na biyu, mu zayyana haƙoransa ɗaya bayan ɗaya? Mai karatu yana da zuciya. Mu bar masa aikin da zai yi.