Mai Kakakin da ke Bayan Armstrong

Yau zancen busa na kawo muku, mu ɗan huta da zancen taki da irin gero.

Ran nan a wani ƙauye kusa da Dungas, bayan mun tashi daga darasi, na kunna wa ɗalibaina wani tsohon kiɗa a waya. Ana cikin saurare sai wani dattijo ya ce, "Malam, wane sarki ake yi wa wannan kakaki?" Na ce, "Baba, ba sarki ake yi wa ba. Ƙasar da aka yi shi babu sarauta." Ya girgiza kai, ya ce to an yi asarar iska. Muka yi dariya. Amma kunnensa bai yi ƙarya ba. Abin da ya ji ɗan'uwan kakaki ne.

Sunansa turombon. Bututun farin ƙarfe ne da aka lanƙwasa. In an miƙe shi, tsawonsa ya kusa mita 3. Da leɓe ake busa shi, kamar kakakin fadar Damagaram. Bambancinsu ɗaya ne babba. Kakaki tsawonsa ba ya sakewa, shi ya sa muryoyinsa kaɗan ne. Shi kuwa turombon yana da wani sashe da ake turawa gaba a jawo baya. In an tura, bututu ya ƙara tsawo, murya ta yi ƙasa. In an jawo, ta yi sama. Wuraren tsayawa 7 ne, kuma babu alamar da ke nuna su. Hannu da kunne ne ke nemo su.

Mai busar da muka ji sunansa James Young, amma an fi saninsa da Trummy Young. Baƙar fata ne na Amurka. An haife shi a garin Savannah a 1912, ya rasu a 1984. Irin kiɗansu ana ce masa jaz, kuma jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka ne suka ƙago shi. Ya yi aiki da ƙungiyar Earl Hines, sannan ya koma ta Jimmie Lunceford daga 1937 zuwa 1943. Lunceford gwani ne wajen horo, amma hannunsa a riƙe yake, gwanayensa da yawa sun bar shi saboda ƙarancin albashi. A 1952 Trummy ya shiga ƙungiyar Louis Armstrong, mashahurin mai ƙaho, ya yi shekara 11 da ɗoriya a bayansa.

Faifansa uku na saurara da kyau, kuma ba daidai suke ba.

Na fari shi ne "Margie", na 1938, tare da Lunceford. Faifan garmaho ne, irin wanda gefe ɗaya ba ya wuce minti 3 da kaɗan. Akwai shi da ƙara kamar ana suyar ƙosai daga nesa, amma kada wannan ya kore ku. A nan Trummy saurayi ne. Shi ke waƙa, da wata siririyar murya kamar mai raɗa, shi ke busa. Turombon abu ne mai kauri, an saba jin shi a ƙasa. Shi kuwa sai ya hau da shi sama, can inda ake zaton ƙaho ne kaɗai ke kaiwa, kuma ba ka jin alamar wahala. Wanda ya taɓa ganin kumatun mai algaita ya san abin da riƙe murya ke ci. Wannan faifai shi ya fitar da sunansa, kuma ya cancanta.

Na biyu shi na fi so, shi ne kuma wanda dattijon nan ya ji. An ɗauke shi a Chicago cikin watan Yuli na 1954. Armstrong ne ya busa waƙoƙin wani tsoho mai suna W. C. Handy. Lokacin an riga an samu babban faifai mai cin lokaci, don haka waƙar "St. Louis Blues" ta kusa minti 9. Armstrong da Velma Middleton suna waƙa suna ba'a, kamar taubasai. Can sai Trummy ya shigo. Wannan karon babu raɗa. Gurnani yake, yana tsaga iska, kamar bajimin sa ya ga abokin karo. Ka san yadda gaban mutum ke faɗuwa in an busa kakaki ranar hawan salla? To haka.

Akwai masu sukar wannan busa. Suna cewa ta yi kaushi, ta cika ƙara. Suna gwada shi da Jack Teagarden, wanda ya riƙe wannan wuri daga 1947 zuwa 1951, mai busa a hankali kamar zubar man shanu. Na saurari su biyun. Gaskiya ne Teagarden ya fi laushi. Amma ni ban yarda kaushin Trummy aibu ne ba. Wanda ya busa "Margie" ya iya laushi, ba sai an koya masa ba. Zaɓa ya yi. Armstrong murya ce mai cika fili, kuma mai tsayawa bayansa dole ya zama mai nauyi. Ku duba ƴan amshi. In makaɗi ya ɗaga murya, su kuwa suka amsa da sanyi, waƙa ta mutu. A wannan faifai, duk sanda Trummy ya yi ruri, Armstrong ƙara hawa yake. Inda na ba masu suka gaskiya shi ne a wasannin dandali na shekarun baya. Dare bayan dare waƙoƙi iri ɗaya ake yi, har wani lokaci ka san abin da zai busa tun bai busa ba.

Na uku shi ne "Hello, Dolly!", wanda aka ɗauka a watan Disamba na 1963. Shi ya fi kowane kasuwa. A 1964 ya hau kan gaba a Amurka, har ya ture Beatles. Waƙa ce mai daɗi, amma in Trummy kake nema, kada ka fara da ita. Yana ciki, yana tallafe da kiɗa daga ƙasa, shi ke nan. Kafin faifan ya yi suna ma ya riga ya ajiye tafiye-tafiye, ya koma tsibirin Hawayi da zama.

Kada ku ce abin nesa ne. Wannan ƙungiya ta zo Akara a 1956. Ta sake zuwa Afirka a watan Oktoba na 1960, shekarar da Nijar da Nijeriya suka samu mulkin kai. Sun hau har Arewa, akwai ma hoton Armstrong da Sardauna Ahmadu Bello a Kaduna. Trummy na cikin tafiyar. A cikinta ne Velma Middleton ta rasu a Saliyo, a farkon 1961.

Ta yaya na san duk wannan? Don an rubuta. A jikin faifan 1954 akwai sunan kowa: Barney Bigard mai sarewa, Billy Kyle mai piyano, Arvell Shaw mai babban goge, Barrett Deems mai ganguna. Na duba tsofaffin kaset da ke gidanmu, na Ma'azu Ɗan Alalo na Damagaram da na Mamman Shata. Sunan mai waƙa kaɗai na gani, wani ma da biro aka sa shi. Masu kiɗa da ƴan amshi ana jin su sarai, amma sunansu babu.

Da na faɗi haka a aji, sai dattijon nan ya ce shi ya san wani mai algaita a Magarya tun yana yaro, wanda in ya fara busa mata kan bar daka su fito. Na ce, "Baba, zo ka rubuta mana sunansa." Ya ce, "Malam, hannuna bai nuna ba tukuna." Na miƙa masa alli. Ya daɗe a gaban allo, ya goge sau biyu. Ya manta ƙugiyar ɗ, wata ɗaliba ta tuna masa. Sauran suka kwafe a littafinsu, kowa ya sa kwanan wata a ƙasa.