Matan da Tarihihin Bayajida Ya Rufe wa Baki

Daga Daura har zuwa unguwannin Hausawa na Agege da Obalende, da wuya a sami yaron da bai ji labarin Bayajida ba. Mun saba kallonsa a matsayin tarihihin jarumtaka: baƙo ya zo daga Bagadaza, ya kashe macijiya a rijiyar Kusugu, ya auri sarauniya. A wannan ɗan nazari muna son mu karkata ga matan labarin su uku.

Ta farko ita ce 'yar Sarkin Borno, wadda Bayajida ya bari a Garun Gabas da juna biyu. Ta biyu ita ce Daurama, wadda da aurenta sarautar mata ta zo ƙarshe a Daura. Ta uku kuwa, wadda ta fi damunmu, ita ce baiwar da Daurama ta ba shi ya sa ɗaka. Ko sunan yanka labarin bai ba ta ba, sai sunan ƙabila, Bagwariya. Ba a nemi yardarta ba, ba a kuma ji muryarta ba sai ranar da ta raɗa wa ɗanta suna Karɓagari. Daga wannan ɗa aka ce Banza Bakwai suka fito. Ashe ke nan ƙasƙancin da aka ɗora wa uwa shi aka shafa wa zuriyarta.

Wannan salo bai tsaya ga Hausawa ba. A Waƙar Nibelungen ta Jamus, wadda aka rubuta wajen shekarar 1200, sarauniya Burunhil ta ƙi mijinta Gunta a daren farko, har ta ɗaure shi ta rataye a ƙusa. Sai Sigfirid ya shiga a ɓoye ya murƙushe ta da ƙarfi, ya ɗauke mata zobe da ɗamara. Daga nan ƙarfinta ya tafi. Mawaƙin ya kawo abin tamkar taimakon aboki.

Bambancin shi ne, a labarin Jamus an nuna ƙarfin tuwo a fili, namu kuwa ya lulluɓe shi da sunan kyauta. Shi ya sa ya fi wuyar ganewa.

Ba muna cewa a daina ba yara labarin ba ne. Abin da muke nema ga ɗalibanmu shi ne, duk inda labari ya ce "aka ba shi ita", su dakata su tambaya: ita kuma me ta ce?