Sharhi Kan Fim Ɗin "Pray the Devil Back to Hell"

Wannan fim na Gini Reticker, wanda ya fito a 2008, ya nuna yadda matan Laberiya, Kirista da Musulmi, bisa jagorancin Leymah Gbowee, suka tare ƙofar zauren sulhu a birnin Akra a 2003, don tilasta wa wakilan mayaƙa su daidaita. Yabon gwani ya zama dole. Sai dai fim ɗin ya tuƙe da zaɓen Ellen Johnson Sirleaf na 2005, tamkar a nan miki ya warke. An ji labarin fyaɗe, amma ba a bi waɗanda aka yi wa zuwa gida an ga irin karɓar da dangi suka yi musu ba. Alhali kuwa sulhun da ya yafe wa mai bindiga, ya bar wadda aka zalunta da kunya, ragagge ne.