Guntun Noti a Cikin Kayan Aiki: Yadda Masu Gyara ke Ciro Shi

A Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna akwai wani aiki da ba wanda ya buɗe shago dominsa, amma kowane mai walda da bakanike ya san shi: ciro guntun noti da ya karye ya maƙale cikin kayan aikin hannu. Kafinta zai zo da bayis ɗinsa, mai gyaran famfo da filayarsa, kan notin ya gutsure, sauran yana ciki, babu inda sifana za ta kama. Dabarun aikin daga maigida yaro ke koyonsu, da ido da hannu, kuma a nan ƙarfinsu yake, a nan ma rauninsu.

Gwani yakan yi tambaya kafin ya ɗauki guduma: "Maigida, garin ɗaurewa ya karye ko garin kwancewa?" Notin da aka matse fiye da kima har kansa ya fita, yawanci guntunsa sako-sako yake, domin matsin da ke riƙe shi ya tafi tare da kan. Irin wannan, ɗan kurfi a gefensa da bugu a hankali, ana kora shi hagu, ya isa. Wanda ya karye garin kwancewa kuwa, tsatsa ce ta riƙe shi. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci kauri, sai ta cike 'yar tazarar da ke tsakanin tiredi da tiredi. A ganina wannan tambaya ce mafi daraja a dukan sana'ar, kuma ita yara suka fi tsallakewa.

Mai tsatsa ana jiƙa shi da kananzir ko man birki ya kwana, ana ɗan ƙwanƙwasawa don man ya ratsa. In guntun ya ɗan leƙo waje, a tsaga kansa da zarto a sa sukundireba.

In ya ƙi, sai walda, inda masu gyaranmu suka fi gwanancewa. Ana ɗora wani noti mai rami a kan guntun, a cika ramin da walda. Zafi ya kumbura guntun ya farfasa tsatsar, ya huce ya tsuke, ga kuma sabon kai da sifana za ta kama. A jikin alminiyam, irin na kan injin mota, dabarar ta fi armashi, tunda waldar ƙarfe ba ta kama shi. Sai dai kayan aikin hannu ba kan injin mota ba ne. Haƙoran filaya da bakin almakashi an gasa su an tsoma a ruwa ko mai, sannan aka sake ɗumama su daidai gwargwado. Da zarar zafi ya kai wajen digiri 300, ƙarfen ya yi shuɗi, taurin ya fara tafiya. Maƙeran gargajiya sun san wannan sarai, da launin ƙarfe suke gane lokacin janye wuƙa daga wuta. Yaron da ya tashi da waldar lantarki sau da yawa bai gaji wannan ilimi ba. Ya ciro guntun, mai kaya ya biya yana godiya, bayan 'yan makonni filaya ta daina cizo, kuma ba wanda zai danganta abin da wutar ranar nan. Jiƙaƙƙen tsumma a naɗe haƙoran kafin a kunna walda ya isa ya hana wannan asara.

Akwai kuma ɗan ƙarfen ciro noti da ake sayarwa, mai murɗin hagu da tsinin kai. Ban cika yarda da shi ba. Yana shiga yana buɗa guntun, ya ƙara matse shi da bangon ramin, ga shi da tauri mai saurin karyewa. In ya karye a ciki, bakin injin huda na yau da kullum ba ya cin sa, aikin ya ninka.

Mataki na ƙarshe shi ne huda guntun gaba ɗaya, kuma a nan aunawa da ido ke yin ɓarna. Notin M8 tazarar tiredinsa milimita 1.25 ce, bakin hudar da ya dace da shi 6.8 ne, a tsakiya cif bayan an buga alama. Wanda ya sa mai milimita 8 ya share tiredin ciki, wato abin da aka zo ceto. Haka kuma wurin sa sabon noti. Tsofaffin kayan Ingila da yawa tiredin Whitworth gare su, tsarin da Joseph Whitworth ya fitar a 1841, mai kusurwar digiri 55, na mita kuwa 60 ne. Notin 5/16 na inci da M8 ido ba ya raba su, amma tazararsu 1.41 ce da 1.25. Sabon zai shiga zagaye biyu ko uku ya cije, a zura bututu a sifana a ƙara ƙarfi, ya sake karyewa a rami ɗaya. Ma'aunin tiredi, 'yan siraran ƙarafa masu haƙora da ake gwadawa a jikin noti, aljihu ma yana ɗaukarsa, amma ba kasafai nake ganinsa a akwatin masu gyara ba.