Hannunka-Mai-Sanda a Tsofaffin Finafinai: Aminci ko Sha'awar Jinsi?

Manufar wannan takarda ita ce duba wata hanyar nazari da ta yi ƙarfi tun da Vito Russo ya buga littafinsa The Celluloid Closet a 1981, wato tono alamun sha'awar namiji ga namiji a tsofaffin finafinai, mu ga iyakar inda za ta yi wa manazarcin Hausa amfani.

A Amurka hanyar tana da tushe. Ƙa'idojin tace finafinai da aka sani da sunan Hays, waɗanda aka tsananta aiki da su daga 1934 har aka watsar a 1968, sun hana ambaton wannan al'amari. To, inda aka hana magana a fili, dole zaurance ya samu kasuwa. Alal misali, a fim ɗin Rope na Alfred Hitchcock (1948), samari biyu ne ke zaune ɗaki guda, suka shaƙe abokin karatunsu, suka saka gawar a akwati, suka jera wa baƙi abinci a kansa. Babu inda aka faɗi mene ne tsakaninsu, amma marubucin fim ɗin, Arthur Laurents, ya bayyana daga baya cewa masu aikin sun sani, suna ne dai ba a kama ba. Wannan hujja ce. Ta Ben-Hur (1959) kuwa ba ta kai haka ba, don Gore Vidal ya ce ya cusa ma'anar, Charlton Heston ya musa.

Inda gizo ke saƙar shi ne finafinan Indiya, waɗanda su ne suka fi cika gidajen silima na Kano da Gusau a shekarun 1970. Ɗauki Sholay na Ramesh Sippy (1975). Jai da Veeru ɓarayi ne aminan juna. Suna bisa babur suna waƙar alkawarin ba za su rabu ba. A ƙarshe Jai ya yi ƙuri'a da kwabon da fuskokinsa biyu iri ɗaya ne, domin shi ya tsaya ya tari mutuwa, ya kuma cika a hannun Veeru. Wasu manazarta sun ce wannan ma habaici ne irin na Rope. Mu a ganinmu an ɗora kaya bisa jakin da ba nasa ba.

Dalili kuwa, alama ba ta zama alama sai mai yi da mai gani sun yi tarayya a ma'anarta. Ɗan kallon da ya tashi daga Rawayya ko Bunguɗu ya zo Gusau ya san amini, ya san babban aboki a sha'anin aure, ya saba ganin magidanta biyu riƙe da hannun juna a kasuwar Tsafe ba wanda ya waiwaya. Littafin Baba of Karo (1954) ma ya nuna yadda mata ke ƙulla ƙawance da kyauta da alkawari. Abin da ya gani a Jai amana ce, kuma fim ɗin bai ɓoye ta ba balle a tono.

Ba muna cewa Bahaushe bai san wancan al'amari ba ne. Yana da kalmominsa, yana da habaicinsa, kuma Rudolf Gaudio ya buga nazarinsa kan zantukan 'yan daudun Kano a 2009. Sai dai da fim ɗin Hausa ya ɗauko ɗan daudu, kamar yadda Rabilu Musa Ibro ya yi, a fili ya fito da shi don ban dariya, da karairaya da fari da ido. Wannan kuwa wani salo ne dabam, mai bukatar takarda tasa.

Dole kuma mu lura da nauyin zargin. A Zamfara ƙarƙashin dokar shari'a ta 2000, a Nijeriya kuma ƙarƙashin dokar tarayya ta 2014, batun yana da hukunci. Malamin da ya koya wa ɗalibai cewa duk runguma habaici ce, gobe a fim ɗin Hausa za su gwada awon, a kan ɗan wasa mai rai da iyali.