Wa Ya Sauke Kumbon Apollo 11?

Mai karatu, in ka kalli First Man, fim ɗin da Damien Chazelle ya fitar a 2018, za ka yarda cewa wurin saukar kumbo a duniyar wata ya ƙayatar. Kwamfuta na ta ƙara, mai na ƙarewa, ƙasa duk duwatsu, sai Neil Armstrong ya karɓi tuƙi. Ka tashi da tunanin cewa na'ura ta gaza, ɗan Adam ya cece ta. To, a nan nake da ja da fim ɗin.

Ƙararrawar nan ta 1202 da 1201 da ta tashi ranar 20 ga Yuli, 1969, ba alamar mutuwar kwamfuta ba ce. Wata na'urar rada ce ta cika ta da aikin da ba a buƙata a lokacin. Injiniyoyin MIT, ciki har da Margaret Hamilton, sun tsara ta yadda in kaya ya yi mata yawa, za ta ajiye ƙananan ayyuka ta riƙe manya. Haka kuwa ta yi, shi ya sa Houston ta ce a ci gaba.

Shi ma Armstrong ai bai kashe ta ba. Ya koma tsarin da ake kira P66 ne: shi ke karkata kumbon yana neman fili mai kyau, ita kuma tana daidaita ƙarfin injin. Duk taɓa maɓalli ɗaya, saurin sauka ya canza da ƙafa ɗaya a daƙiƙa. Kwamfutar ba ta ganin duwatsu, shi kuma ba zai iya wannan lissafi da ka ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

David Mindell, a littafinsa Digital Apollo na 2008, ya fi fim ɗin adalci. Ya nuna cewa a duk sauka shida da aka yi a wata, kwamandan ya karɓi tuƙi a ƙarshe, amma ta cikin kwamfuta umarninsa ke bi.

Me ya sa na damu? Saboda yau jirgin sama da kake hawa, da motocin da ake cewa suna tuƙa kansu, duk a kan wannan tambaya suke. Wanda ya ɗauki darasin fim zai ce a kashe na'ura in an shiga uku. Darasin gaskiya shi ne a raba aiki tun kafin a tashi, kowa ya san nasa. Kalli fim ɗin, amma ka nemi littafin.